Sau Ɗaya Jarmo Yake Tambaya

Ɗantala ya san ƙasashen duniya ta lakarsu. Ta Kenya baƙa ce mai danƙo, in ta bushe a ƙarƙashin mota sai an sa ƙarfe an ɓamɓare. Ta Fotugal ja-ja ce mai laushi, ruwa kaɗan ya ishe ta. Ta Girka kuwa ba laka ba ce ma, tsakuwa ce mai kaifi da ke maƙalewa a lungun ƙarfe ta ƙi fita. Bai taɓa taka ko ɗaya daga cikin ƙasashen nan ba. Motar ce take zuwa, ta dawo cikin jirgin kaya, a sauke ta a garejin da ke bayan Al Wukair, kusa da Doha a ƙasar Ƙatar, shi kuma ya naɗe ƙafar wando ya ɗauki tiyo.

Ba wanki aka ɗauko shi ya yi ba. Direban tirela ne, tun yana Haɗejiya, kuma a kan haka Rashad ya zama kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar. Rashad ɗan masu hali ne daga Al Gharrafa, wanda Allah ya ɗora wa son gudu da mota a kan hanyar da mai hankali ba zai bi da jaki ba. Yana shiga gasar duniya ta tseren motoci a daji da duwatsu, amma a rukuni na biyu. Manyan motocin kamfanoni su ne ke fara wucewa, su tafi da kyamarori da jirgi mai saukar ungulu, su rarake hanya. In sun gama sai a saki 'yan rukuni na biyu su bi ramukan da aka bar musu, lokacin rabin 'yan kallo sun tafi neman abinci.

Aikin Ɗantala shi ne jan tirelar da ke ɗaukar motar da tayoyi da kayan gyara. Sai dai yawancin zagayen gasar a Turai ake yi, shi kuma an nema masa biza sau biyu an hana. Saboda haka da kakar gasar bana ta kama, sai aka yi hayar tirela a can, shi aka damƙa masa makullan gareji.

Ranar da za su tashi zuwa Siwidin, zagaye na farko, Rashad ya dafa kafaɗarsa yana murmushi.

"Kada ka damu, ya Tala. Zagayen ƙarshe a Jidda za a yi. In har lokacin ina cikin biyar na farko, ta ƙasa za mu tafi da tirelarmu. In ba na ciki, khalas, kaka ta ƙare."

Jidda. Daga can zuwa Makka ai tafiyar shan shayi ce. Juma'ar da ta biyo baya Ɗantala ya shiga gari ya sayi harami, fari ƙal a cikin ledarsa, ya sa ƙarƙashin katifa. Ya kira matarsa Zaituna ya gaya mata, ya ce kada ta faɗa wa kowa. Kafin magariba har liman ɗin unguwarsu ya ji.

Ya san ana zuwa Umara da bas daga Doha, amma wa zai tsare gareji? Kuma in za a faɗi gaskiya, ba Makka kaɗai yake so ba. So yake sau ɗaya a ce yalla, mu tafi, ya kasance yana cikin waɗanda za su tashi. So yake ya sa rigar ƙungiya, ya ci abinci a faranti ɗaya da mutane, ya ga lakar nan tun tana ɗanya.

Mutum biyu ya sani sosai a ƙungiyar. Na farko Masahudu, makanike daga Zangon Kumasi, wanda shi kaɗai ne ke jin Hausa, irin Hausar da mota take zama namiji. Na biyu Jarmo, manaja, dogon Bature ɗan ƙasar Finlan mai magana kamar ana sayar masa da kalmomi. Ɗantala bai taɓa yafe masa abin da ya yi masa a makonsa na farko ba. Jarmo yana cin burodi da kifi, ya raba biyu ya miƙo masa rabi, ya ce da Turanci, "Kana so?" Ɗantala, da yunwa take nuƙurƙusa tun safe, ya amsa yadda aka rene shi.

"A'a, Oga, na gode. Alhamdulillahi."

Ya tsaya yana jiran a ce haba, ɗan taɓa mana, ya ƙi, a sake cewa, sannan ya karɓa da hannu biyu. Jarmo ya ce "Oke," ya cinye duka, har ya lashe yatsa.

Masahudu ya yi dariya har da riƙe ciki. "Chale, wannan mutum sau ɗaya yake tambaya. Garinsu sanyi ya yi yawa paa, in ka buɗe baki sau biyu haƙori zai daskare. In kana son abu, ka ce kana so."

"Ni ba mayunwaci ba ne," in ji Ɗantala.

"To zauna da yunwanka."

Suka tafi Siwidin, suka dawo, suka tafi Kenya. Gareji ya zama nasa shi kaɗai. Wuri ne mai faɗi, rufin kwano, ga ɗan ɗakinsa a jikin ƙofa. Kowace safiya yakan tayar da tirela don kada batir ya mutu, ya ja ta gaba har bakin katanga, ya dawo da ita baya inda take. Tafiyar da direban Kano zuwa Fatakwal yake yi ke nan yanzu. Yakan share inda ba wanda ya taka. A masallacin da ke bayan rumbunan ajiya yana haɗa sahu da 'yan Bangaladash da 'yan Fakistan, a yi sallama, a yi musafaha, kowa ya kama gabansa da harshensa a baki. Akwai ranakun da in ban da karatun salla ba ya jin muryarsa. Kewa ta dame shi, irin wadda ba ta da wurin ciwo balle a shafa magani.

In ana tsere, waya ce abokiyar zamansa. Talabijin ba ta nuna 'yan rukuni na biyu sai dai a ga wutsiyar mota a gefen hoto ta wuce. Amma akwai taswira a waya, kowace mota ɗigo ce mai lamba tana rarrafe a kan layi. Sai ya zauna a kan tsohuwar taya da kofin shayin karak, yana bin ɗigon Rashad yana yi masa faɗa. "Kai, rage a kwanar nan! Ubanka ne ya yi titin?" In ɗigon ya kai ƙarshe, sai ya duba jerin maki ya ga ko Jidda ta matso.

A Fotugal ɗigon ya tsaya a tsakiyar layi. Ɗantala ya miƙe tsaye. Ɗigon da ke biye ya zo ya wuce, na bayansa ma ya wuce, ba wanda ya ko rage gudu. Ya kira Masahudu ba a ɗauka ba. Ya kewaya gareji yana salati, ba wanda zai tambaya, ba wanda zai gaya wa. Sai da la'asar saƙo ya shigo cewa mota ta wuntsila amma kowa lafiya.

Da aka dawo da ita, rufinta a lotse kamar gwangwanin da aka taka, abin da ya fara tambaya ke nan.

"Wane irin mutane ne waɗannan? Mutum ya kife a rami, suna gani suna wucewa?"

Masahudu ya zura hannu bayan kujerar motar ya zaro wani kwali mai faɗi da aka lulluɓe da roba. Gefe ɗaya kore ne da rubutun OK, ɗaya gefen ja da rubutun SOS.

"Doka ne. In mota ya faɗi, ka fito ka ɗaga wannan. In ka nuna ja, wanda ke bayanka dole ya tsaya, ko shi ne zai ci kofi. In ka nuna kore, ba wanda zai tsaya koraa, ko da jini yana zuba a goshinka. Kai ka ce lafiya, su sun yarda da kai. Mudir Rashad kore ya ɗaga."

"In mutum bai ɗaga komai ba fa?"

"Nan ma dole a tsaya. Wanda ya yi shiru, ba a san halin da yake ciki ba."

Ɗantala ya juya kwalin a hannunsa, ya ce abin Turawa sai su, ya mayar da shi bayan kujera.

Fotugal ta ci musu maki, Rashad ya faɗo na tara. Zafi ya shigo Doha, irin wanda ƙarfen ƙofa ke ƙona hannu tun hantsi. Suka tafi Girka ya zo na uku. Suka tafi Finlan, garin su Jarmo, ya zo na shida bayan taya ta fashe masa. Duk wannan Ɗantala yana kan tayarsa, fanka tana hura masa iska mai zafi, yana lissafi da yatsu. Wata Juma'a da suke gari Masahudu ya ja shi unguwar Fereej Abdel Aziz, ɗakin 'yan Zango, aka ci shinkafa da wake da yaji ana ihu ana musu a kan ƙwallo. Ya ji daɗi ƙwarai, amma da ya dawo sai gareji ya ƙara masa faɗi, ya gwammace da bai je ba.

Zagayen da ya rage kafin Jidda, wanda ke gaban Rashad a jerin maki injinsa ya buga. Ɗigonsa ya tsaya, na Rashad ya wuce. Ɗantala ya yi tsalle ya ce Allahu akbar, sannan ya ji kunyar murna da asarar wani, ya yi istigfari, sannan ya sake yin murna. Rashad ya zama na biyar.

Da suka dawo, Rashad ya sa aka kawo babban faranti na shinkafa da rago, aka shimfiɗa leda a tsakiyar gareji. Masahudu ba ya nan, an aike shi filin jirgi karɓo akwatin giya na mota. Ana cikin ci, wayar Rashad ta yi ƙara, ya juya gefe yana zuba Larabci. A daidai nan Jarmo ya goge hannu ya dubi Ɗantala.

"Tala. Jidda. Hanya ce mai tsawo, sahara zalla. Ko ka ja tirela in ɗauko mai gadi daga kamfani, ko ka zauna in ɗauko direba daga kamfani. Ni duk ɗaya ne. Wanne kake so?"

Makanikai suna kallonsa. Ga kafil ɗinsa a gefe, ga loma a hannunsa, a cikin abincin mutane. A ce a nan zai buɗe baki ya ce ni, ni, ni nake so, kamar wanda bai gaji arziki ba? Bakinsa ya riga ya san hanyarsa.

"Duk yadda ka gani, Oga. Zaman ma ba matsala."

"Oke," in ji Jarmo. Ya danna wani abu a wayarsa ya ci gaba da cin nama.

Da Rashad ne, da ya ce la, wallahi sai ka je, domin Larabawa sun san wannan rawar, su ma suna taka ta. Amma Rashad yana can yana faɗa da wani a kan tayoyi. Da Masahudu yana nan, da ya yi tsaki ya ce ƙarya yake, yana so. Ɗantala ya saka lomar a baki.

Mai karatu zai ce ai sai ya tashi da safe ya je ya gyara maganarsa. Haka ne. Ya je har ƙofar ofis ɗin Jarmo ya fi a ƙirga, ya tsaya, ya gaishe shi, ya tambayi ko akwai abin da za a wanke. Namiji ba ya lashe amansa, in ji shi a ransa. Kuma ai Mudir ne ya yi alkawari, zai tuna. Ai za a sake tambaya, wa ke yanke magana irin wannan da tambaya ɗaya? Ya wanke tirela ciki da waje, ya duba birki, ya auna iskar tayoyi, yana yi yana waiwayen ofis.

Masahudu ya same shi a ƙarƙashinta. "Malam Ɗantala, maganar Jidda an gama?"

"An gama."

"Komai lafiya?"

"Lafiya lau."

Zaituna ta kira ta ce ƙanwar babansa ta aiko a gaya masa ya tuna da ita a gaban Ka'aba, kuma Bilkisu, 'yarsu, tana son dabino. Ya ce in sha Allahu.

Ranar tafiya, Rashad ya riga ya wuce ta jirgi. Gari ya waye da ɗan sanyi-sanyi. Aka tura motar tsere cikin tirela aka ɗaure, aka loda tayoyi da akwatuna. Sai ga tasi ta sauke wani mutum mai jakar baya da tabarau, ya karɓi makulli a hannun Jarmo, ya haye kujerar Ɗantala ya ja ta gaba don ta yi daidai da ƙafarsa.

Masahudu ya saki abin da ke hannunsa. "Wane ne wannan?"

"Direba ne," in ji Ɗantala.

"Kai kuma mene ne?"

Ɗantala ya juya. Ya tafi ya buɗe ƙofar gareji, ɓangare ɗaya sannan ɗayan. Jarmo ya ce yalla. Masahudu ya shiga ƙaramar bas ɗin makanikai yana waiwaye, fuskarsa a murtuke. Tirela ta fita, bas ta bi ta, motar Jarmo a ƙarshe.

Da ya juyo zai rufe ƙofa sai idonsa ya faɗa kan bencin wanki. Kwalin nan ne a jingine. Jiya da ya wanke cikin motar ya cire shi ya goge, ya ajiye ya bushe, ya manta. Masahudu ya taɓa gaya masa cewa in babu shi a mota, masu duba motoci ba za su bar ta ta shiga tsere ba.

Ya fizge shi ya fita a guje, silifa ɗaya ta cire. Sun kusa kwanar rumbunan ajiya. Ya ɗaga kwalin sama da hannu biyu yana kaɗawa, bai ko duba gefen da ke kallonsu ba.

Motar Jarmo ta ja birki har ta juya gefe. Bas ta tsaya, aka danna wa tirela hon ita ma ta tsaya da huci. Ƙofofi suka buɗe a lokaci ɗaya. Jarmo, wanda Ɗantala bai taɓa gani yana sauri ba, ya taho da gudu da jakar magani a hannu, makanikai na biye da shi. Sai a lokacin ya ɗaga kai ya ga ja ne ya nuna musu.

"Wa ya ji ciwo?" in ji Jarmo yana haki. "Tala! Wa ya ji ciwo?"

Ga amsar nan a bakinsa, a shirye: babu kowa, Oga, mantuwa kuka yi. Ya dubi mutanen nan da suka bar komai suka rugo saboda shi. Tun farkon kaka ba a taɓa tahowa wurinsa da gudu ba.

"Ni ne," ya ce. "Ina so in je. Tun Siwidin nake so in je."

Jarmo ya sauke jakar a hankali. "Amma na tambaye ka."

"Sau ɗaya ka tambaya."

Baturen ya dubi Masahudu, ya dubi Ɗantala. Ba fushi a fuskarsa, ruɗewa ce zalla. "Sau nawa ake tambaya?"

"Uku," in ji Masahudu da Turanci, sannan ya juyo da Hausa, idonsa ya kaɗa. "Ban gaya maka ba? Ban gaya maka ba, Malam? Ni ma da na tambaye ka, lafiya lau ka ce mini! Ni ɗan'uwanka!"

Jarmo ya cire hula ya shafa kansa. Ya ce an riga an aika sunaye, takardar shiga Saudiyya da ta tirela duk da sunan wancan direban aka yi, a bakin iyaka ba za su bar wani ya wuce ba. Kuma ba a ɗauko mai gadi ba. Da jiya ne ma, da wuya. Da makon jiya ne, da ya yiwu. Ya ce ya yi haƙuri, ya faɗa sau biyu, abin da bai saba ba. Baɗi kuwa bai ce komai a kanta ba, domin kowa a garejin ya san mahaifin Rashad ya ce wannan ce kakar ƙarshe.

Ɗantala ya miƙa masa kwalin. Sannan ya ce su ɗan jira. Ya koma ɗakinsa da ƙafa ɗaya ba takalmi, ya ɗaga katifa, ya dawo ya tura wa Masahudu ledar haramin a ƙirji.

"Kai ba ka saya ba, na sani. In kun gama ka shiga Makka. Akwai gwaggona Haulatu, ka ambace ta. Da Zaituna."

"Kai fa?"

"In ka tuna."

Masahudu ya rungume ledar, ya juya ya shiga bas. Lokaci ba ya jiran 'yan tsere. Tirela ta tashi, sabon direban ya sa giya da ƙara, Ɗantala ya ji abin har cikin haƙoransa. Ya tsaya a tsakiyar titi har suka sha kwana.

Ya tsinci silifarsa, ya rufe ƙofa, ɓangare ɗaya sannan ɗayan. Inda tirela take tsayawa ya zama fili, sai tabon mai a ƙasa. Gobe da safe ba abin da zai tayar. Ya zauna a kan tayarsa.

Waya ta yi ƙara. Zaituna ce, muryarta cike da fara'a, ana jin Bilkisu a bayanta tana cewa a ba ta.

"Baban Bilkisu, kun kama hanya? Lafiya dai ko?"

Lafiya lau ta taso har kan harshensa. Ya danne ta da haƙori. Wata maganar kuma ba ta zo ba, saboda haka ya yi shiru, wayar tana manne da kunnensa, fanka tana juyawa a sama.

"Baban Bilkisu?"

Ya ji ta ce wa yarinyar ta fita waje. Ya ji an turo ƙofa, an ja kujera.

"Ina nan," in ji Zaituna. "Na zauna. Ba zan kashe ba."